Hotunan Inna Suna Sito, Ba a Goge Su Ba

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni mace ce mai shekara 46, ina zaune a Aboabo a nan Kumasi, ina sayar da atamfa da leshi a kasuwar Kejetia. Mahaifiyarmu ta rasu bara, kuma nan da mako uku za mu yi mata addu'ar cika shekara. 'Yan'uwana suka ɗora mini nauyin haɗa hotunanta a buga ɗan littafi kowa ya samu nasa, don ni ce mai yawan hotunanta, har da na aikin Hajjin da ta yi a 2019. Na je wani shagon buga hoto a Adum, yaron shagon ya haɗa wayata da kwamfuta, sai hotuna ɗari uku da 'yan kai suka fito, duk na bana, alhali na san sun haura dubu shida. Na nuna masa su a wayar, ya ce wannan inuwa ce kawai, na ainihin an goge. Na dawo gida na gwada a kwamfutar ɗana, na buɗe wurin zaɓen hoto, nan ma babu. Akwai 'yar yayata da nake riƙo, ita ke taɓa mini wayar, kuma ta amsa cewa watannin baya da wayar ta cika ta danna wani abu don a samu wuri. Raina ya ɓaci, na faɗa mata maganganu a gaban mutanen gida. Yau kwana biyar ba ta haɗa ido da ni. Malam, hotunan Inna sun tafi ke nan?

Hajiya, daga Aboabo

Amsa:

Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya jiƙan Inna, Ya sa Aljanna ce makomarta, Ya ba ku haƙurin rashi.

Bari in fara da abin da zai sa ki samu barci yau. Bisa yadda kika kwatanta, ina da ƙarfin zato cewa hotunan nan suna nan daram, kuma yarinyar ba ta ɓatar da ko ɗaya ba. Akwai gwajin da za ki yi da idonki ki tabbatar, zan zo kansa. Amma sai kin fara gane abin da ya faru a shagon nan, don in ba ki gane ba, gobe wani zai sake faɗa miki magana ɗaya ya tayar miki da hankali.

Ke 'yar kasuwa ce, don haka da kayanki zan yi miki misali. Ba duk atamfar da kika mallaka ce a cikin shagonki na Kejetia ba. Shagon ba zai ɗauka ba. Kina rataye turmi ɗaya-ɗaya na kowace kala mai saye ya gani, sauran bandir suna sito. In ya nuna wadda yake so, ki aika a ɗauko. Manhajar Google Photos da ke wayarki haka take aiki. Duk hoton da kika ɗauka, takan ɗora kwafinsa a rumbun Google ta intanet, wanda masu harkar ke kira gajimare. Wannan shi ne siton. Abin da kike gani jere a fuskar waya, ƙananan hotunan nan da kike ja da yatsa har ki kai 2019, su ne samfurin da aka rataye. Kina danna ɗaya, sai waya ta aika ta hanyar data a ɗauko cikakkensa. Shi ya sa ranar da datarki ta ƙare, ki danna tsohon hoto sai ki ga ya yi dishi-dishi, ko wani zobe yana ta juyawa a tsakiya ba ya buɗewa.

To yaron shagon da ya ce inuwa ce, rabin maganarsa gaskiya ce. Inda ya kuskure shi ne cewa an goge na ainihin. Ai inuwa ba ta tsayuwa babu jiki.

Abin da 'yarki ta danna, ga dukkan alamu, maɓallin nan ne da aka rubuta "Free up space" a kansa. Aikinsa ɗaya ne: ya duba hotunan da kwafinsu ya riga ya isa rumbun, ya cire su daga cikin wayar don a samu wuri. Hoton da bai isa can ba, ba ya taɓa shi. Wato ta kwashe bandir daga ƙasan shago ta mayar sito, ba ta zubar a kwata ba. Da ni kika kawo wa wayar ranar da ta cika tana ƙin ɗaukar hoto, abin da zan danna ke nan.

Yanzu ga kwamfutar shagon. Idan aka haɗa waya da kwamfuta da kebul, kwamfuta ba ta ganin manhajarki, ba ta san kina da rumbu a wani wuri ba. Kallon akwati take yi wa wayar. Ta buɗe, ta shiga wata folda mai suna DCIM inda kamara ke zuba hotuna, ta ƙirga abin da ta tarar. Kamar ki kira kayayo, mai dakon kaya a kasuwa, ki ce ta kwashe kayan shago: abin da ke ƙasa za ta ɗora a kwanonta, ba ta da makullin sito. Hotuna ɗari ukun nan su ne waɗanda kika ɗauka bayan ranar da yarinyar ta danna maɓallin. Kin ce duk na bana ne, kuma wannan shi ne ya fi ƙarfafa mini zato. Da mutum ne ya zauna yana gogewa da gangan ko da ganganci, da ba za ki ci gaba da ganin tsofaffin a Google Photos ba, domin wanda aka goge a can ɓacewa yake daga jerin gaba ɗaya.

Sai kwamfutar ɗanki. Tagar nan da ke buɗewa idan kika danna a zaɓi hoto, foldodin da ke cikin kwamfutar kawai take nunawa. Na san abin da ke rikita mutane a nan: sukan ga an sa Google Drive a kwamfutar, sun shiga da adireshin Gmail ɗaya, sai su ɗauka hotunansu za su fito a ciki. A da akwai ƙofa tsakanin biyun. Tun watan Yuli na 2019 Google ya rufe ta, Drive ya zama gida daban, Photos gida daban, duk da mai gidan ɗaya ne. Manhajar Drive ta kwamfuta ba ta sauko da hotunan da ke Photos ta jera miki a folda. Ko ɗanki ya kwana yana nema a tagar nan, ba zai gan su ba.

Masu iPhone da masu OneDrive da ke karanta wannan, ku ma kuna da irin taku. A iPhone, idan aka kunna tsarin rage nauyin ajiya na iCloud, cikakkun hotuna suna can sama, ƙananan ne a waya, kuma kebul ba zai ba ku duka ba. A Windows kuwa, tun 2017 OneDrive yana nuna sunan fayil da ɗan hoton gajimare shuɗi a gefensa, alamar cewa sunan ne kawai a nan. Sai alamar ta koma kore sannan fayil ya sauko. Wasu manhajojin buga hoto sukan kasa buɗe mai alamar gajimare idan babu intanet.

Ga gwajin. Ki zauna da kwamfutar ɗanki, a buɗe burauza, a rubuta photos.google.com, ki shiga da adireshin Gmail ɗin da ke kan wayarki. Ba tagar zaɓen fayil ba, shafin intanet ɗin kansa. A gefen dama akwai layin shekaru, ki ja shi zuwa 2019, wajen watan Agusta, lokacin da aka yi Hajjin shekarar. Idan kika ga Inna da farin mayafinta, ki danna hoton ya cika fuskar kwamfutar. In ya buɗe tas, magana ta ƙare.

In kuma kika ga wasu babu wasu, kada ki koma kan yarinyar, akwai wuraren dubawa. Na farko, kuma wanda ya fi yawa a Zangonmu, shi ne adireshi fiye da ɗaya. Mutum ya sayi sabuwar waya a Adum ko Kejetia, ya manta kalmar sirrin tsohon Gmail, mai shago ya buɗe masa sabo nan take don waya ta tashi. Bayan shekara biyar yana da adireshi uku bai sani ba, kowanne da hotunan zamaninsa. Ki danna hoton kanki da ke saman manhajar a waya, za ki ga ko adireshi nawa ne a jere. Ki shiga kowanne ki duba.

Akwai kuma kwandon shara na manhajar. Hoton da aka goge bayan an ɗora shi yakan zauna a ciki kwana 60 kafin ya tafi gaba ɗaya, na iCloud kwana 30. Akwai wani ɓangare da ake kira "Archive", inda hoto ke ɓuya daga babban jeri ba tare da an goge shi ba, kuma hannu yakan tura hoto can bisa kuskure.

Hotunan Makka kuwa, ina so ki tuna wa ya ɗauke su. In ke kika raka ta kika ɗauka da wayarki, suna cikin naki. In wani ɗan'uwa ne ya ɗauka ya raba muku a albam na haɗin gwiwa, kina ganinsu amma ba naki ba ne har sai kin danna a adana miki. Ranar da ya cire su daga albam ɗin, ke ma kin rasa. In kuma ta WhatsApp aka turo miki, wannan wani zance ne. Google Photos, yadda yake zuwa, foldar kamara kawai yake ɗorawa. Foldar hotunan WhatsApp sai an shiga an kunna mata da hannu. Mutane da yawa sun canza waya suna ganin komai nasu yana sama, ashe duk hoton suna da biki da 'yan'uwa suka turo ya tafi da tsohuwar wayar. Idan tsohuwar wayarki tana cikin durowa, ko da fuskarta ta fashe, kada ki bayar, kada ki sayar, sai an duba ta.

Wani abin da nake so ki duba tun yau: ko rumbun ya cika. Google yana ba kowane adireshi gigabait 15 kyauta, kuma Gmail da Drive da Photos duk a kwano ɗaya suke ci. Kafin 1 ga Yuni 2021 hotunan da aka ɗan rage wa nauyi ba sa shiga lissafi, daga ranar suka fara shiga. Yanzu har ajiyar hirarrakin WhatsApp ta wayoyin Android tana ci daga ciki. Idan ya cika, ɗorawa takan tsaya cik, mutum bai lura ba. Mai hotuna dubu shida da bidiyon biki tana iya kasancewa a bakin iyaka. In haka ne, hotuna ɗari ukun da kwamfutar shagon ta gani su ne ke cikin haɗari, don wataƙila ba su da kwafi a ko'ina sai cikin wayar da kike shiga da ita cunkoson Kejetia kullum.

Kuma ki riƙe wannan da kyau: kada ki shiga Google Photos ki fara gogewa don ki rage cika kina cewa ai suna waya. Gogewa a can gogewa ce ta ko'ina. Wannan ita ce hanyar da hotuna ke ɓacewa da gaske, kuma galibi mai wayar ce da hannunta, ba yaran gida ba.

To yaya za a kai su wurin bugawa? Ba kya buƙatar dubu shida. A shafin nan na intanet, ki buɗe sabon albam ki sa masa sunan Inna, ki riƙa zaɓa kina zubawa. In kin gama, a buɗe albam ɗin, a danna ɗigo ukun da ke sama, a zaɓi sauke duka. Zai sauko a dunƙule cikin fayil ɗaya na zif, ɗanki ya kwance shi, ya zuba a fendiraif. Hoton waya ɗaya yakan kai megabait biyu zuwa biyar, don haka hotuna ɗari biyu ba za su wuce gigabait ɗaya ba. A yi da dare ko inda akwai Wi-Fi, kuma a cika batirin kwamfutar tukuna, don dumsor, wato ɗaukewar wutar lantarki, ba ya sallama. Fendiraif ɗin za ki kai shago, ba wayarki ba. Ba na son ki shiga Gmail ɗinki a kwamfutar shago, balle ki karanta wa wani kalmar sirrinki. Adireshin nan ba hotuna kaɗai ke cikinsa ba, har lambobin abokan cinikinki da saƙonninki.

Wani tarko yana jiran ki a shagon, gara ki san shi tun daga gida. Kina iya kai hotuna ɗari biyu a fendiraif, yaro ya buɗe taga ya ce ɗari da hamsin ne. Kada gabanki ya faɗi. Tagar zaɓen fayil tana da mataci a ƙasanta ta hannun dama, kuma manhajoji da yawa sukan saita shi ya nuna nau'in JPG da PNG kawai. Wayoyin iPhone tun 2017 suna ajiye hoto da wani nau'i mai suna HEIC. In ɗan'uwan da ya ɗauki hotunan Makka iPhone gare shi, nasa za su iya saukowa a haka, mataci ya ɓoye su. Ki ce masa ya canza matacin zuwa "All files", za su bayyana. In kwamfutarsa ta ƙi buɗe su, akwai ɗan ƙarin manhaja na HEIF da ake saukewa daga shagon Microsoft, ko a juya su zuwa JPG. Mai sana'ar buga hoto ya kamata ya san wannan.

Wajen zaɓe, ki fifita hoton da kamara ta ɗauka kai tsaye a kan wanda ya bi ta WhatsApp. WhatsApp yana matse hoto, a waya ya yi kyau, amma a faɗaɗa shi a takarda sai fuska ta yi kamar an shafa mata ruwa. Wanda za a sa a bangon littafin musamman, in yana hannun wani ɗan'uwa, ki ce ya turo miki shi a matsayin fayil, wato ta wurin tura takardu, ba ta wurin hoto ba. A haka yake zuwa da cikakken nauyinsa.

Bayan an gama addu'a hankali ya kwanta, ina so ki yi babban aikin. Akwai shafin takeout.google.com, inda za ki nemi Google ya haɗa miki duk hotunanki ki sauke. Yakan ɗauki sa'o'i, wani lokaci kwanaki, sannan ya turo miki saƙo, kuma kina da kimanin mako ɗaya ki sauke kafin hanyar ta rufe. Za ki ga wasu ƙananan fayiloli masu ƙarewa da json a gefen hotunan, kada a goge su, kwanan wata da bayanin hoto ne a ciki. A zuba duka a faifan ajiya na waje, a yi kwafi biyu, ɗaya a ɗakinki, ɗaya wurin wani ɗan'uwa a wani gida. Ni mahaifina hoto ɗaya tak muke da shi, baƙi da fari, wanda aka ɗauka a situdiyo yana tsaye da babbar riga, gefensa ɗaya ruwan sama ya ci. Mu takwas muke karɓa-karɓa da shi. Shi ya sa idan na ji mai hotuna dubu shida ba ta da ko ɗaya a hannunta, duk suna rumbun da kalmar sirri ɗaya ce makullinsa, nakan ji abin har cikin raina.

Yanzu maganar yarinyar, wadda ta fi duk abin da na faɗa nauyi a wurina.

Na fahimci abin da ya same ki. Kina tsaye a shago aka ce miki abin da ya rage miki na mahaifiyarki ya tafi, kuma 'yan'uwa suna jiran ki. Zafin nan dole ya nemi inda zai sauka, ya sauka a kan wadda ta fi kusa kuma ba ta iya ramawa. Amma ki duba ta nata ɓangaren. Riƙo take a gidanki, nesa da uwarta. Kin ce waya ta cika, ta gyara miki. Da kika tambaye ta, ba ta yi ƙarya ba, ta ce ita ce ta danna, alhali da ta yi shiru babu mai kama ta. Sannan Inna kakarta ce, ita ma ta yi rashi, kuma yau kwana biyar tana kwana da tunanin cewa ita ta shafe fuskar kakarta daga duniya. Ina zaton wannan ne ya hana ta ɗaga ido, fiye da zafin faɗan.

Kada ki jira sai sakamakon gwaji ya fito kafin ki kira ta. Ko da a ce wani hoto ya ɓace, ba da mugunta ta yi ba, kuma kin san haka. Ki kira ta ku zauna gaban kwamfutar tare, ita ta rubuta adireshin, ita ta ja layin shekarun, ta ga kakarta da idonta. A gaban mutanen gida kika faɗa mata maganganun, to a gabansu za ki wanke ta. Ba sai kin yi dogon jawabi ba. Da daddare ana cin tuwo ki ce, "Hotunan Inna suna nan, 'yata ba ta yi laifi ba, ni ce na yi gaggawa, ki yafe mini." Girmanki ba zai ragu ba. Ki kuma kira yayarki da kanki ki gaya mata abin da ya faru kafin ta ji daga bakin wani, don maganar cikin gidan haya ba ta kwana a tsakar gida.

Sannan ki ba ta aikin haɗa albam ɗin. Hannunta ya fi naki sauri a kan waɗannan abubuwa, kuma zai yi kyau 'yan'uwa su ji ranar addu'a cewa ita ta haɗa.

Akwai tambayar da nake so ki yi mata idan kun zauna: ina wayar Inna? In marigayiya ta riƙe babbar waya, tana da nata adireshin Gmail, da nata rumbun, da hotunan da ta ɗauka da hannunta waɗanda wataƙila babu wanda ya taɓa gani a cikinku. Tun Disamba 2023 Google ya fara aiki da ƙa'idar cewa adireshin da ya yi shekara biyu ba a shiga ba ana iya rufe shi da duk abin da ke ciki. Shekara ɗaya ta kusa cika. A nemo wayar a yi mata caji, kada a cire layin, kada a ba wani yaro ya wanke ta ya mayar tasa. Kuma a gidajenmu, wadda ke saita wa kaka waya, ta san zanen buɗe ta da kalmar sirrinta, yawanci jikar da ke kusa da ita ce.